Kiwon kifin loci a tankin gilashi: tambayoyi da amsoshi

Loci kifin ado ne na ruwan daɗi, mai zama a ƙasan ruwa, da gashin baki irin na tarwaɗa. Masu sayarwa sukan tallata shi da cewa "mai shara ne", wai a jefa ɗaya a tanki ya riƙa tsince ragowar abinci. Wannan magana ta yi ajalin loci da yawa. Kifi ne mai son zaman garke, mai tsawon rai, wanda ba ya jure ƙazantar ruwa, kuma kowane iri da irin zafin da jikinsa yake ɗauka. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansa.

Wane irin kifi ne loci, kuma daga ina yake?

Sunan ya haɗa dangi babba, fiye da iri dubu, mafi yawansu a kogunan Asiya, wasu a Turai. A Afirka 'yan kaɗan ne, a Habasha da Maroko, don haka duk wanda ka gani a shagon kifin ado a Kano ko Kaduna ko Yamai shigo da shi aka yi. Abin da ya haɗa su: baki yana kallon ƙasa, ɓawon jikinsu ƙanana ne ƙwarai, sun nutse cikin fata, kuma da yawansu suna da ƙaya ɓoyayya a ƙarƙashin kowane ido. Siririn ɓawon nan ne ya sa magani da guba suke saurin ratsa su fiye da sauran kifaye.

Wane iri ya kamata mafari ya saya?

Kafin ka duba kyau, auna zafin ruwan ɗakinka da tsakar rana a watan Afrilu, sannan ka auna tsawon tankinka. Su biyun nan ne za su zaɓa maka.

Kuli, wanda ba shi da alaƙa da ƙuli-ƙuli, sunan wani masanin halittu Bajamushe ne, Heinrich Kuhl, aka laƙaba masa. Siriri ne kamar ɗan maciji, da ɗamara baƙa da ruwan goro, daga Indunusiya da Malesiya. Tsawonsa santimita 8 zuwa 10, yana son ruwa mai digiri 24 zuwa 30, ba ya faɗa da kowa. Shi ne ya fi dacewa da mai ƙaramin tanki a ƙasa mai zafi. Aibinsa ɗaya, ɗan dare ne, sai ka yi kwana uku ba ka gan shi ba.

Yoyo, daga yankin kogin Ganges a Indiya da Nepal. Zanen jikinsa yana ƙarami kamar an rubuta Y da O a jere, daga nan sunan ya fito, ba daga yoyon kwano ba. Yana kai santimita 13 zuwa 15, mai ƙiriniya, yana yawo da rana, digiri 24 zuwa 28. Mai zanen jakin dawa, Botia striata, daga tsaunukan yammacin Indiya, ya fi shi natsuwa kuma ba ya wuce santimita 10, sai dai ya fi son ruwan da bai haura digiri 26 ba. Akwai kuma ɗan sarƙa, Ambastaia sidthimunki, daga Tailan, santimita 5 zuwa 6 kacal, mai yawo a tsakiyar ruwa cikin garke. Yana da tsada, amma in aljihu zai ɗauka babu kamarsa a matsakaicin tanki.

Iri biyu ne ya kamata mai ɗaki marar na'urar sanyaya ya haƙura da su. Dojo, Misgurnus anguillicaudatus, na Sin da Japan da Koriya, inda har miya ake yi da shi, kifin ruwan sanyi ne, jin daɗinsa tsakanin digiri 18 da 23. A ruwan ɗumi ba ya mutuwa nan take, amma kwanansa na raguwa. Locin rafin dutse, irin su Sewellia na Biyetnam da Gastromyzon na Borneo, masu manne wa dutse da gilashi da faffaɗan cikinsu, suna buƙatar digiri 20 zuwa 24 da ruwa mai gudu da ƙarfi. A Jos ko Mambilla ana iya gwadawa. A Sakkwato ko Maiduguri asarar kuɗi ce.

A guji dangin Syncrossus masu zanen damisa da Yasuhikotakia morleti mai baƙin layi a gadon baya. Suna da kyau a shago, a gida kuwa sukan yagalgala fukafukan abokan zama.

Kilawun fa, mai ruwan lemo da baƙaƙen ɗamara uku? Shi aka fi gani a shago.

Shi ne Chromobotia macracanthus, daga kogunan Sumatra da Borneo, wanda Pieter Bleeker ya fara bayyana shi a 1852. Ana sayar da shi yana santimita 4 ko 5, kamar ɗan yatsa, shi ya sa mutane suke ruɗuwa. Yana iya kai santimita 30, a tanki kuma 20 zuwa 25 abu ne da aka saba gani, kuma yana wuce shekara 20 a raye. Zafin ƙasarmu bai dame shi ba, don digiri 25 zuwa 30 yake so. Matsalar wuri ce. Garken manya shida na buƙatar tanki mai tsawon santimita 180. A shekara biyun farko ana iya riƙe su a mai 120, amma duk wanda bai da wurin ajiye babban, da kuɗin yinsa, ya sayi yoyo ya huta. Maganar cewa kifi yana girma daidai da tankinsa ba gaskiya ba ce ta yadda ake nufi: tsumburewa yake yi saboda ƙunci da gurɓataccen ruwa, ya mutu da wuri.

Guda nawa zan saya?

Kada su gaza biyar ko shida na iri ɗaya. Kuli da ɗan sarƙa, takwas zuwa goma sun fi. Loci ɗaya tilo yakan ɓuya ya daina ci, ko ya huce kaɗaicinsa a kan sauran kifaye. Biyu kuwa ya fi muni, babba zai sa ƙaramin a gaba har ya rame. A garke faɗan yana rarrabuwa, kowa ya san matsayinsa. Haɗa yoyo biyu da kilawun biyu da kuli biyu bai zama garke ba.

Yaya ake lissafin girman tanki?

Ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000, ka samu lita. Mai 75 da 30 da 35 yana ɗaukar kusan lita 79, ya ishi kuli takwas. Mai 90 da 45 da 45, lita 182, ya dace da ɗan sarƙa ko mai zanen jakin dawa. Mai 120 da 45 da 45, lita 243, shi ne mafi ƙanƙanta ga yoyo shida. Mai 180 da 60 da 60, lita 648, na kilawun. Faɗin ƙasa ya fi tsayi muhimmanci tunda a ƙasa suke rayuwa.

Lita ɗaya kilo ɗaya ce, ban da gilashi da yashi. Tankin lita 243 ya kusa kilo 300 idan an cika shi, don haka teburin falo ba zai ɗauka ba. A sa maƙeri ya yi ƙafar ƙarfe, a shimfiɗa katako da soso mai tauri a ƙarƙashin gilashin. In mai yankan gilashi ne zai haɗa maka, milimita 10 ga mai 120, aƙalla 12 da maƙarai a sama ga mai 180, kuma gam ɗin silikon ya zama wanda ba a sa wa maganin fumfuna ba. Irin na banɗaki yana kashe kifi.

Yashi ko tsakuwa?

Yashi mai laushi, kaurin santimita 2 zuwa 4. Loci yana tono da baki, kuli har yakan ɗebi yashi ya fitar ta kunnuwansa, wato ramukan numfashinsa na gefen kai, yana tace abinci. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin baki, daga nan ƙwayar cuta ta shiga. Murza yashin tsakanin yatsu, in ya karce ka, zai karce shi. Yashin rafi yana yi idan an tankaɗe shi, aka wanke a bokiti har ruwan ya fito garau, sannan aka tafasa. Ɗiga masa ruwan kal: in ya yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki, zai taurara ruwa, a bar shi. Yashin da ya wuce santimita 5 yakan ruɓe daga ƙasa ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Me za a sa musu na ɓuya?

Maɓoya su fi kifin yawa. Sabuwar tukunyar ƙasa da aka fasa gefenta aka goge bakin, ƙoƙon kwakwa da aka tafasa, guntayen bututun roba na famfo, duwatsu masu santsi, da itacen da aka jiƙa har ya daina yawo a sama. Wani abin mamaki shi ne, da yawan maɓoya da yawan fitowarsu fili, don sun san mafaka na kusa. Duk rami ya zama ko dai ya fi jikin kifin faɗi sosai ko kuma an toshe shi, saboda loci yakan cusa kansa inda ba zai iya fita ba. A ɗora duwatsu kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, kada a tone ƙarƙashinsu su rufta.

Murfi dole ne. Suna tsalle, suna kuma bin waya da tiyo su haura. A toshe ramukan da waya ke bi da soso, a kuma sa wa bakin bututun da filta, wato na'urar tace ruwa, ke jan ruwa hular soso, in ba haka ba wata rana a cikin filta za ka tarar da kuli.

Ruwan famfo ko na burtsatse?

Kowanne na yi in an gyara shi. Na famfo yana ɗauke da kulorin, wanda ke ƙona kunnuwan kifi ya kuma kashe bakteriyar filta. A sa maganin cire kulorin bisa awon da ke jikin kwalba. Ajiye ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu yana fitar da kulorin zalla, amma ba ya fitar da kuloramin, wani nau'in kulorin mai daɗewa a ruwa, shi ya sa maganin ya fi aminci. Na burtsatse ba shi da wannan, sai dai yakan fito da ƙarancin iskar oksijin, kuma ma'aunin pH ɗinsa, wato awon tsami ko kanwar ruwan, yakan canja bayan ya sha iska. A tara shi a duro, a sa masa famfon iska ya kwana, sannan a auna. Yawancin loci suna son pH 6 zuwa 7.5 da ruwa marar tauri sosai. In naka ya ɗan kauce kaɗan amma ba ya hawa da sauka, bar shi haka. Zuba magungunan gyaran pH kowane mako ya fi cutarwa.

Na cika sabon tanki jiya. Zan iya sa su yau?

A'a. Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, guba ce. A cikin soson filta wasu bakteriya suke mayar da ita naitirait, shi ma guba, wasu kuma su mayar da shi naitiret, mai sauƙin illa. A kwalaben gwaji za ka ga an rubuta NH3, NO2 da NO3. Sabon tanki ba shi da waɗannan bakteriya, kuma kafuwarsu takan ɗauki mako 4 zuwa 6. A kunna filta, a riƙa barbaɗa ɗan abincin kifi kullum ya ruɓe, ana gwadawa duk kwana uku. Amoniya za ta hau ta sauka, NO2 ya biyo baya shi ma ya sauka. Sai dukansu sun koma sifili, NO3 ya bayyana, sannan tanki ya nuna. Guntun soso daga filtar lafiyayyen tsohon tanki yana rage jiran sosai.

Ko bayan haka, loci ba shi ne kifin buɗe tanki ba. A fara da ƙananan kifayen sama masu juriya, a kawo loci bayan wata biyu ko uku.

Wace irin filta, kuma sau nawa ake canja ruwa?

Ga yoyo da kilawun da danginsu, filtar da za ta juya ruwan tanki sau 6 zuwa 10 a awa. Tankin lita 243 ke nan yana son lita 1,500 zuwa 2,400 a awa, kuma bakin fitar ruwan ya riƙa kaɗa saman ruwa. Kuli ya fi son ruwa mai sanyin gudu, filtar soso mai aiki da iska ta ishe shi. Locin rafin dutse yana son sau 10 zuwa 20.

Kowane mako a zuƙe kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari da tiyo, ana bin saman yashi da ƙarƙashin tukwane inda ƙazanta ke taruwa. Sabon ruwan kada ya bambanta da na ciki da fiye da digiri biyu. Ruwan tankin rufin gida da tsakar rana yakan yi zafin da zai kashe kifi, sai a ɗiba da safe. NO3 ya zauna ƙasa da miligiram 20 a lita in zai yiwu, kada dai ya wuce 40. Soson filta a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo daga tanki, sau ɗaya a wata, ba a ƙarƙashin famfo ba. Bokitin kifi kuma na kifi ne kaɗai, kada ya ga sabulu ko omo.

Zafin bazara, sanyin hunturu da ɗauke wuta: yaya za a yi?

Nan ne kiwon ya fi wuya a wurinmu. Ruwan ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar na sanyi: a digiri 20 lita ɗaya na iya ɗaukar kusan miligiram 9, a digiri 30 kusan 7 da rabi, ga shi kuma a lokacin ne jikin kifi ya fi buƙata. Loci kifin kogi ne, shi yake fara galabaita. Alamar ita ce numfashi da sauri da taruwa kusa da saman ruwa ko bakin filta.

Daga Maris zuwa Mayu, tanki ya kasance a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. A maye gurbin murfin gilashi da na raga, a sa ƙaramar fanka tana hura saman ruwa. Wannan kaɗai yakan sauke digiri 2 zuwa 3, sai dai ruwa zai riƙa ƙafewa, a riƙa cikawa. A rage kunna fitila da yawan abinci. In ruwa ya haura 31, a sa robar ruwa daskararra a rufe tana yawo a sama, ɗaya bayan ɗaya. Kada a zuba ƙanƙara kai tsaye, faɗuwar zafi farat ɗaya ta fi zafin kansa illa.

A Disamba da Janairu kuwa ruwan ɗaki yakan sauka ƙasa da 22 da asuba, kuma wannan hawa da sauka shi ke buɗe wa cutar farin ɗigo ƙofa. A sa hita mai kashe kanta, kusan wat ɗaya ga kowace lita, a saita ta a 26 ko 27, a sa mata kariyar roba don loci yana son kwanciya a jikinta ya ƙone. In babu wuta, lulluɓe tanki da bargo da dare yana riƙe ɗumi.

Ɗauke wuta ya fi duka haɗari. Famfon iska mai batir, irin mai caji da ke kama aiki da kansa, ba kayan alatu ba ne ga mai loci, a saye shi kafin kifin. Famfon iska wat kaɗan yake ci, ƙaramar sola ko inbata tana ɗaukarsa. In ba ko ɗaya, a riƙa ɗibar ruwa da kofi ana kwararo shi daga sama duk bayan minti 20 ko 30. Filtar gwangwani rufaffiya da ta tsaya fiye da 'yan awanni, ruwan cikinta yana lalacewa. Kafin wuta ta dawo a cire ta daga soket, a zubar da ruwan ciki, a ɗauraye soson da ruwan tanki, sannan a kunna. Kada a ba da abinci muddin filta ba ta aiki.

Me suke ci?

Abinci mai nutsewa: ƙwayoyi da fayafayan abincin kifin ƙasa, sau ɗaya ko biyu a rana, iya abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa uku. Sau biyu ko uku a mako a ƙara da nama: jar tsutsa daskararra, tana da aka wanke aka yayyanka, ko ɗanyen jatan lande da aka daddatsa. Yoyo da kilawun suna son kokwamba, kabewa da aka ɗan tafasa, da alayyafo. A soke da cokali ya nutse, a cire saura bayan awa 12. Na kuli a zuba bayan an kashe fitila, in ba haka ba na sama su cinye ya kwana da yunwa. Locin rafin dutse gansakukar kan dutse yake kiwo, tankin da aka goge tas yunwa ce gare shi.

Abincin tarwaɗa na gona yana iya fid da mutum kunya na 'yan kwanaki in an jiƙa shi ya nutse, amma maiƙonsa ya yi yawa kuma yana saurin ɓata ruwa.

Gaskiya ne suna cin katantanwa?

Yoyo, kilawun, ɗan sarƙa da mai zanen jakin dawa suna zuƙe ƙananan katantanwa daga koɗinsu. Kuli bai cika yi ba. Amma sayen kilawun don maganin katantanwa kamar sayen doki ne don ya cinye ciyawar tsakar gida. Yawan katantanwa alamar yawan abinci ce, a rage. Kuma kada a ɗebo katantanwa daga kududdufi ko madatsar ruwa a ba su. Wasu daga cikinsu ne ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fatar mutum, ga hannunka kullum cikin tanki.

Da wa za su zauna?

Ƙananan kifayen garke masu yawo a sama da tsakiya, irin su rasbora, tetira da bab. Ganinsu suna yawo hankali kwance yana sa loci ya fito. Kifi mai dogayen fukafukai da sanyin jiki yana shan cizo wurin yoyo. Jatan landen ado da katantanwar ado abinci ne. Tarwaɗa da karfasa kuwa su ne za su cinye kuli ko su hana kowa sakat.

Na ga kifina kwance a gefe kamar ya mutu. Wani lokaci kuma ina jin ƙas-ƙas daga tanki.

Duka halinsu ne. Kilawun da yoyo suna barci a gefe, wani har rigingine, ko su cunkushe su biyar a bututu ɗaya. In ka matso ya zabura, kuma numfashinsa daidai, lafiya lau yake. Ƙarar kuwa da haƙoran maƙogwaro suke yin ta, lokacin cin abin da suke so ko jayayya. Haka nan biyu sukan koɗe su yi fari-fari suna ture juna baki da baki, rigimar shugabanci ce, takan wuce cikin mintuna. Koɗewar da ta kwana, tare da ƙin ci da maƙale fukafukai, ita ce ta damuwa, a fara da gwada ruwa. Dojo kuma yakan haukace da zirga-zirga idan hadari ya taso, kuma yakan haɗiyi iska daga sama ya fitar ta baya, don da hanjinsa ma yana numfashi.

Yaya ake kama shi?

Wanda ya taɓa cire ƙurungu daga koma ya san matsalar. Loci in ya tsorata yana miƙe ƙayar ƙarƙashin ido, ta sarƙe a raga, ta kuma huda leda ko yatsa. A kora shi cikin kofin roba ko bututu, a toshe bakin da hannu a ɗago. In ya riga ya maƙale a raga, a mayar da ragar cikin ruwa a bar shi ya saki da kansa, in ya ƙi a yanke ragar. Kada a ja. Wajen tafiya a ninka leda biyu.

Me zan duba wurin saye, kuma me zan yi da na kawo su gida?

Ciki a cike, bayan kai ba a rame ba, gashin baki cikakke, babu farin ɗigo ko a jikin kifi ɗaya na tankin. A nemi mai shago ya ba su abinci a gabanka. Waɗanda suka sauka jiya daga doguwar tafiya a bar su su yi mako a shago tukuna.

A gida a ɗora ledar a kan ruwa minti 15 zuwa 20, sannan a riƙa ƙara rabin kofin ruwan tanki duk minti biyar har rabin awa. A saki kifin kaɗai, ruwan shago a zubar. Kuma ba cikin babban tanki ba: ƙaramin tankin keɓewa mai filtar soso da bututun ɓuya, mako huɗu. Mai tsallake wannan mataki shi ke yin tambaya ta gaba.

Farin ɗigo kamar an barbaɗa gishiri: mene ne magani?

Wata ƙwayar halitta ce, Ichthyophthirius multifiliis, kuma kilawun yana cikin kifayen da ta fi kamawa. Kafin ɗigon ya fito za ka ga kifi yana goga jiki da dutse. Sanin zagayen rayuwarta shi ne rabin magani. Tana cikin fata, magani ba ya isa gare ta. Sai ta faɗo ƙasa ta lulluɓe kanta ta rarrabu ɗaruruwa, nan ma magani ba ya taɓa ta. Lokacin da 'ya'yan suka fito suna iyo suna neman kifi ne kaɗai ake iya kashe su. Shi ya sa ɓacewar ɗigo ba ta nufin an warke.

A canja rabin ruwa ana zuƙe saman yashi. A cire gawayin filta in akwai, don yana shanye magani. A ɗaga zafi a hankali, digiri ɗaya a rana, zuwa 29 ko 30, wanda ke gaggauta zagayen ya koma 'yan kwanaki. Wannan na kuli da yoyo da kilawun ne, ban da dojo da locin rafin dutse. A ƙara iska sosai, domin zafi da magani duka suna rage oksijin, ga kunnuwan kifin a kumbure. Maganin da ke da malakait girin ko fomalin a fara da rabin awon da aka rubuta, a zauna a kula awa biyu. In kifi ya fara haki ko birkicewa, a canja rabin ruwa nan take. Mai sinadarin tagulla a bar shi gaba ɗaya. Gishiri ma ba abokin loci ba ne, in an rasa komai kada ya wuce giram 1 zuwa 2 a lita, a narkar a zuba kaɗan-kaɗan. A ci gaba da magani mako guda bayan ɗigon ƙarshe ya ɓace, kuma duk tankin ake yi wa, ba wanda ya nuna alama kaɗai ba.

Yana ci amma sai ramewa yake, kai ya fi jiki girma.

Galibi tsutsar ciki ce, an fi ganinta a waɗanda aka kamo daga kogi. Abin da masu kiwo suka saba amfani da shi lebamisol ne, miligiram 2 a kowace lita, a kashe fitila awa 24 don haske yana lalata shi, sannan a canja fiye da rabin ruwa ana zuƙe ƙasa, a maimaita bayan mako ɗaya zuwa biyu. Tankin da ke ɗauke da lita 100 na ruwa miligiram 200 ke nan. Ana samun lebamisol a shagunan magungunan dabbobi, amma a karanta kwalin da kyau: da yawa an haɗa shi da okzikulozanaid don tumaki da shanu, wanda guba ne ga kifi. Sai zalla, kuma likitan dabbobi ya taimaka wajen lissafin awon daga ƙarfin da ke kwalbar.

Duka sun mutu a dare ɗaya, ruwa kuma garau. Me ya faru?

Tambayi wanda ya fesa maganin sauro. Na feshi da na kunnawa suna ɗauke da sinadarai masu kashe kifi ko da ɗan kaɗan ne, kuma famfon iska yana zuƙo iskar ɗaki ya tura cikin ruwa. Ɗakin da tanki yake a yi amfani da gidan sauro. In dole sai an fesa, a kashe famfon iska, a rufe tanki ruf da leda da jiƙaƙƙen zane, a buɗe tagogi iska ta wuce sosai kafin a buɗe shi. Sauran masu laifin da aka saba: ɗauke wuta cikin dare mai zafi, ruwan famfo da aka manta ba a sa wa magani ba, da hannu mai man shafawa ko turare.

Suna haihuwa a tanki?

Kilawun da yoyo kusan ba sa yi a gida, don a kogi sai sun yi ƙaura lokacin damina, a gonakin kasuwanci kuma da allurar homon ake sa su. Kuli yakan yi jefi-jefi. Macen tana yin kauri har ana hango korayen ƙwai ta fatar cikinta, ta zubar da su cikin saiwoyin tsirran da ke yawo a saman ruwa. Sewellia ne mai sauƙi in ya samu sanyi da gudun ruwa, 'ya'yan sukan bayyana da kansu a tsakanin duwatsu.

Kuli ɗaya ya ɓace mako biyu. In tone tanki?

Duba ƙasan ɗaki da bayan teburi tukuna, sannan cikin filta, sannan ramukan kayan ado. In babu, gwada ruwa. Amoniya in ta hau, mai yiwuwa gawa ce ke ruɓewa. Da dare, awa ɗaya bayan kashe fitila, jefa ƙwayar abinci biyu gaban gilashi, ka dawo da tocila mai jan haske ka ƙirga su.